Abin da ke Cin Kulocin Mota

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Gusau zuwa ƙauyukanmu na Mada, Wonaka ko Ruwan Bore, ya san wani irin ƙauri da kan cika mota idan ta kafe a taɓo ko tana fama da hawa. Ƙauri ne mai kama da na tsumma da roba idan sun haɗu a wuta. Fasinjoji su toshe hanci, wani ya ce birki ne, wani ya ce taya ce. Alhali kuwa kuloci ne ke ƙonewa, kuma kowane minti guda na wannan ƙauri yana rage wa kulocin kwanaki masu yawa daga cikin ransa.

Ni mutumin Ruwan Bore ne, cikin ƙaramar hukumar Gusau. Kawuna direban haya ne, ni kuma duk lokacin hutu nakan je wani gareji a Gusau ina koyon kanikanci. A can na lura da cewa babu gyaran da ke ɓata wa direbobi rai kamar na kuloci. Dalili kuwa shi ne, sai an sauke giyabos gaba ɗaya kafin a kai gare shi, mota ta wuni a kan jak, direba ya rasa lodin ranar, ga kuɗin kaya, ga kuɗin aiki, ga mai mota yana jiran balas. Saboda haka ne wasu direbobi suka shiga neman abin da suke kira kuloci mai ƙarfi, har da irin wanda aka ƙera domin motocin tsere, wai ko za su huta. Nufina a wannan rubutu shi ne in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda kuloci ke aiki, da abin da ke cin sa, da yadda ake saita shi, sa'an nan mu duba ko wannan mai ƙarfin yana da amfani a motar yau da kullum.

Mene ne kuloci?

Injin mota, muddin yana kunne, ba ya daina juyawa. Tayoyi kuwa dole su tsaya wani lokaci, su tashi a hankali, su kuma canza gudu. Kuloci shi ne abin da ke haɗa inji da giyabos, ya kuma raba su idan an so. Manyan sassansa huɗu ne.

Na farko shi ne fulawil, watau wani ƙaton faranti na ƙarfe mai nauyi da ke ɗaure a bayan inji, yana juyawa tare da shi. Na biyu faifan kuloci ne, wanda aka liƙa wa wani abu mai kaushi gaba da baya, aka kama da ƙusoshin ribit. Tsakiyarsa tana sarƙe da sandar da ke shiga giyabos. Na uku shi ne madanni, wani murfi mai sifirin mai ƙarfin gaske, wanda ke matse faifan a jikin fulawil. Waɗannan biyun su ne ake cewa filet da dis a wurin masu sayar da kayan mota. Na huɗu shi ne boris, wanda ke tura yatsun sifirin idan direba ya taka feda.

Mai karatu, ɗauki faifan kaba ka sa shi tsakanin tafin hannuwanka biyu. Idan ka matse sosai ka juya hannu, faifan zai bi ka. Idan ka saki, zai tsaya. Idan kuwa ka riƙe shi sako-sako kana murzawa, ba da jimawa ba za ka ji tafinka ya ɗauki zafi. To, haka kuloci yake. Feda tana sama, faifai yana matse, babu abin da ke gogar wani. Feda tana ƙasa, faifai yana sake, nan ma babu guga. Duk cin da kuloci ke yi, a tsakanin nan biyu yake yinsa, lokacin da inji ke juyawa da gudu ɗaya, faifai kuma da wani gudun dabam.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne ƙanƙantar naman da ake taƙama da shi. Kaurin sabon faifai na ƙaramar mota bai wuce wajen milimita 8 ba, kuma abin da zai cinye kafin kawunan ribit su fito bai fi milimita 2 ba. Littattafan gyara na kamfanin Toyota sun ce idan zurfin kan ribit ya koma milimita 0.3, a canza faifan. Wannan ɗan naman, idan ya samu direba mai hankali da hanya mai kyau, yakan wuce kilomita 100,000 bai ƙare ba. A hannun wani kuma ba ya kai ƙarshen damina ɗaya.

Ƙarfin riƙo

Malaminmu na kimiyya ya koya mana darasin guga, kuma a jikin kuloci na ga amfanin darasin. Abubuwa huɗu ne ke yanke iyakar ƙarfin juyi da kuloci zai iya riƙewa: ƙarfin matsi na sifirin, da kaushin abin da aka liƙa wa faifai, da faɗin faifan, da yawan fuskokin da ke guga. Sai a ninka su da juna.

Bari mu ƙaddara, domin misali kawai, cewa sifirin yana matsi da niyutan 4,000, kaushin faifai 0.3 ne, tazarar da ke tsakanin cibiya da tsakiyar wurin guga mita 0.09 ce, fuskoki kuwa 2. Idan ka ninka, za ka sami niyutan-mita 216. Injin Golf 3 mai lita 1.8, irin wanda ya cika tashoshinmu, iyakar ƙarfin juyinsa wajen niyutan-mita 145 ne. Ka ga ke nan, a irin wannan lissafi, kuloci na asali ya riga ya fi ƙarfin injinsa, kuma da gangan masu ƙera mota ke barin wannan rara.

Ga wani abu da direbobi da yawa ba su lura da shi ba. Ko buhu nawa ka ɗora wa mota, ƙarfin injinta ba ya ƙaruwa. Idan kuloci lafiyayye ya gama kamawa, to, ya kama, kaya ba za su sa ya zame ba. Idan kayan sun fi ƙarfin motar, injin ne zai mutu. Abin da lodi ke ƙarawa shi ne tsawon lokacin da direba zai yi yana murza kuloci kafin mota ta tashi, watau zafi.

Zafi shi ne maƙiyi

Lokacin da mota ke tashi daga tsaye, wani kaso na ƙarfin inji yana tafiya wajen tura ta, kusan kwatankwacinsa kuma yana komawa zafi a jikin faifai da fulawil. Idan nauyin mota ya ninka, zafin ma ya ninka. Golf 3 ba ta fi tan ɗaya da 'yan kai ba idan ba kowa a ciki, kuma kayan da masu ƙera ta suka yarje mata, har da mutane, wajen rabin tan ne. Mu kuwa a lokacin kaka mukan ga an cire kujerar baya an jera buhunan masara ko waken suya har goma, kowanne kilo 100. Tan guda ke nan, ban da direba da masu kayan.

Sa'an nan ga tashi da giya ta biyu, wadda wasu ke yi don ƙiwuya ko don burgewa. A giya ta biyu sai mota ta kai kusan ninki biyu na gudun giya ta ɗaya kafin faifai ya gama kamawa. Tun da ƙarfin abu mai motsi yana bin gudunsa ne sau gudunsa, zafin da kuloci zai sha yakan kai wajen ninki uku. Haka nan mai cika totur kafin ya saki feda.

Hanyoyinmu ma suna da nasu laifin. Direban da ke bin kwalta daga Gusau ta Kwatarkwashi zuwa Tsafe da Funtuwa, ko ta Bunguɗu zuwa Sakkwato, zai yi tafiya mai nisa bai taɓa feda ba. Wanda ya ratse ya shiga ƙauyuka kuwa, ga gargada, ga ramuka, ga rairayi da rani, ga taɓo da damina, kowane ɗan taƙi sai ya canza giya. Idan mota ta kafe, sai ka ga ana gaba ana baya, inji yana kuka, feda tana rabi. Minti biyar na wannan ya fi tafiyar wata guda a kan kwalta cin kuloci.

Abin da aka liƙa wa faifai na yau da kullum haɗi ne na zaren gilashi da siraran wayoyin tagulla da wani irin ƙaro. Idan zafi ya kai ɗaruruwan digiri, ƙaron nan yana ƙonewa, shi ne ƙaurin da muke ji. Fuskar faifai sai ta yi sulɓi kamar gilashi, fulawil ya yi tabo shuɗi-shuɗi, sifirin ma ya yi sanyin jiki. Daga nan kuloci ya fara zamewa, zamewa ta ƙara zafi, zafi ya ƙara zamewa, har mota ta tsaya inji yana ihu.

Akwai ɗabi'u uku da ke ƙarasa shi. Ta farko ita ce ɗora ƙafa a kan feda ana cikin tafiya, wai don shirin ko-ta-kwana. Ta biyu ita ce riƙe mota a kan hawa da rabin kuloci maimakon jan hambirki. Tsofaffin direbobin manyan motoci sun fi mu wayo a nan, domin yaron mota yana tsaye da weji a hannu. Ta uku ita ce ɗaukar fasinja a kujerar direba. Wanda aka takure a jikin ƙofa ba ya iya taka feda har ƙasa, kowace giya sai ta shiga da ƙara.

Akwai kuma wani maƙiyin da ba ruwansa da direba, watau mai. Idan sil ɗin bayan inji ko na giyabos ya fara yoyo, mai zai jiƙa faifai ya sa shi zamewa ko da sabo ne. A Golf masu ƙaramin inji, boris yana can ƙarshen giyabos, wata siririyar sanda ce ke ratsa ciki ta tura kuloci, kuma tana da wani ɗan sil da bai fi kan yatsa ba. Idan ya lalace, man giya zai bi sandar ya isa faifai. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Kulocin tsere a motar haya

Motocin farko da fata aka lulluɓe kulocinsu. A shekarar 1897 wani Bature mai suna Herbert Frood ya kafa kamfanin Ferodo a Ingila, yana yin abin guga na birki, daga baya aka shiga amfani da asbesto a birki da kuloci saboda jure wa zafi. Da aka gane ƙurarsa tana jawo cutar huhu da sankara, ƙasashe da dama suka hana shi, Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya a 2005. Don haka duk yaron garejin da ya buɗe tsohon kuloci, kada ya hura ƙurar da baki ko da iskar famfo, ya goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Kuloci mai ƙarfi kuwa an ƙirƙire shi ne domin masu gasar tsere, waɗanda ke ƙara wa injinsu ƙarfi har ya wuce abin da kuloci na asali zai riƙe. Ta hanya biyu ake ƙara masa riƙo, kamar yadda lissafinmu ya nuna: a sa sifirin mai tsananin matsi, ko a canza abin guga. Akwai mai Kevlar, wani zare mai ƙarfi da kamfanin DuPont na Amurka ya gano a 1965, wanda ake yin rigar kare harsashi da shi. Wannan yana daɗewa, amma yana son fulawil mai santsi ƙwarai da doguwar lallaɓa yana sabo, idan kuma ya ƙone sau ɗaya ya yi sulɓi, da wuya ya dawo daidai. Akwai kuma mai 'yan ɓaɓɓake huɗu ko shida maimakon cikakken zagaye, waɗanda aka yi da garin tagulla da na tangaran aka gasa. Shi wannan ba ya tsoron zafi ko kaɗan.

Da jin haka direba zai ce ya samu magani. Amma bari mu bi abin daki-daki. Irin wannan faifai ba shi da tsaka-tsaki, ko ya saki ko ya cafke. Mota takan tashi da fizga da karkarwa. A filin tsere ba komai, domin direba sau ɗaya yake tashi daga tsaye. A tashar mota, ko a hanyar da ake lallaɓawa tsakanin ramuka da buhuna a baya, kowace fizga tana sauka ne a kan haƙoran giya, da shaf, da robobin da ke riƙe da inji. Har ila yau, tun da ya fi ƙarfen da yake guga tauri, idan aka yi ta murza shi a rabi, fulawil da madanni yake ci kamar zarto. Shi kansa ba ya daɗewa a irin wannan tuƙi, domin faɗin da ke ɗaukar guga ya ragu. Sifirin mai tsananin matsi kuma yana sa feda ta yi tauri, wayar kuloci ta riƙa miƙewa ko ta tsinke, gwiwar direba ta gaji kafin azahar, kuma duk takawa tana tura sandar inji gaba tana cin metal ɗin da ke tare ta.

Ogana ya taɓa yi wa wani direba bayani a gabana. Direban ya ce, "Oga, a sa mini wanda ba ya ƙonewa." Sai Oga ya ce masa, "Malam, ka san fis na wutar lantarki? Idan ya yi ta ƙonewa ka gaji ka sa ƙusa a wurinsa, fis ba zai sake ƙonewa ba, amma wayar gidan ce za ta kama. Faifan nan shi ne ya fi komai araha tsakanin inji da taya. Gara shi ya ci, da giyabos ya ci." Hausawa sun ce garin gyaran gira a rasa ido.

Kuloci mai ƙarfi yana da wurinsa. Wanda ya canza injin motarsa ya sa wanda ya fi girma, dole ya nemi kulocin da ya dace da sabon injin. Mai motar ɗaukar kaya kamar Canter ko akori-kura, idan masu ƙera kaya sun yi wani iri mai jure wa aiki domin ainihin motarsa, mai cikakken zagaye da sifirin a tsakiya, ba laifi ya sa. Amma ga Golf ko Sharan ko Hiace mai injinta na asali, sahihin kuloci daga sanannun masu ƙerawa irin su LuK, Sachs, Valeo, Aisin ko Exedy ya wadatar, in dai na gasken aka samu, domin jabu sun yi yawa a kwali mai kyau.

Yadda ake saita shi

Akwai wata 'yar tazara da feda ke tafiya a sake kafin ka ji ta fara tauri. Ita ce wasan feda. Amfaninta shi ne ta tabbatar da cewa idan ka ɗauke ƙafa, ba abin da ke tura yatsun sifirin. Duk wanda ke hawa babur ya san ta a hannun kulocinsa. Ana auna ta ne da rula: ka danna feda da hannu, ba da ƙafa ba, har ka ji ta tsaya maka, ka duba nawa ta sauka. A tsohuwar Volkswagen mai siffar kunkuru, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, milimita 10 zuwa 20 ne. A motocin Toyota da yawa milimita 5 zuwa 15 ne. Kowace mota da nata, amma wajen rabin inci bai yi nisa da yawancinsu ba.

Abin lura a nan shi ne, yayin da faifai ke cinyewa, yatsun sifirin suna matsowa wajen boris, saboda haka wasan yana raguwa ne da kansa. Idan aka bar shi ya ƙare, daidai yake da a ce direba ya ɗora ƙafa a kan feda dare da rana: faifai ba ya matsuwa sosai, yana zamewa a ɓoye, boris kuma yana shan wahala. Don haka kulocin da ya fara tsufa sassauta waya yake so. Mutane da yawa suna yin akasin haka, su ji kuloci yana zamewa su ce a ƙara ɗaure shi, nan take su ƙarasa shi. Idan kuma wasan ya yi yawa, feda za ta kai ƙasa faifai bai gama saki ba, giya ta riƙa ƙara wajen shiga, musamman ribas da ta ɗaya.

A mota mai waya, saitin ba wuya. Akwai noti biyu a ƙarshen wayar, wajen giyabos. Ka kwance na kulle, ka juya na saiti kaɗan-kaɗan kana komawa kana aunawa, idan ya yi daidai ka ɗaure na kullen. Sa'an nan ka ta da mota, ka taka feda har ƙasa, ka ɗan jira, ka sa ribas. Ya kamata ta shiga shiru, kuma motar ta fara motsi idan feda ta kai wajen tsakiya. Yana da kyau a duba wannan duk lokacin da aka yi juyen baƙin mai. Yawancin Golf 3 masu ƙaramin inji suna da waya mai saita kanta. Idan ƙura ta cika ta ta ƙage, takan daina aikin, sai a canza ta.

Wasu motocin ba su da waya, da man birki suke aiki. Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, da aka harhaɗa a Kaduna a kamfanin da ya fara aiki a 1975 har aka daina yin ta a 2006, irin wannan gare ta, haka ma Hiace. Akwai famfo na sama kusa da feda, da na ƙasa a jikin giyabos. Irin wannan yana bin cin faifai da kansa. Abin da yake so shi ne a kula da mansa. A zuba man birki irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4, kada a kuskura a zuba baƙin mai ko man giya, domin suna kumbura robobin ciki. Man birki yana shan laima, saboda haka idan ya yi baƙi a canza. Idan feda ta yi laushi kamar soso, iska ce ta shiga, sai a fitar da ita ta 'yar kusar famfon ƙasa. Akwai sanda mai noti a bayan feda, kada a tsawaita ta har wasan ya ƙare, domin za ta toshe ramin da mai ke komawa, kuloci ya riƙa zamewa idan mota ta yi zafi. Kafin a zargi komai ma, a duba ko tabarmar roba ko busasshen taɓo ne ya hana feda kai wa ƙasa.

Wanda ya riga ya sa kuloci mai ƙarfi, aikin dubawa ya ƙaru masa. Waya takan miƙe da sauri, kuma a makonnin farko wasan yana canzawa yayin da faifai ke zama. Masu ƙera irinsa sukan ce a lallaɓa shi na kimanin kilomita 800 na tuƙin gari, ba lodi mai nauyi, ba fizga. Wane direban haya ne zai iya wannan haƙuri a tsakiyar kaka?

Alamomi da gwaji

Kuloci ba ya mutuwa bai yi sallama ba. Idan ka taka totur a giya ta huɗu inji ya ƙara kuka amma mota ba ta ƙara gudu ba, yana zamewa. Idan sai feda ta zo can sama sa'an nan mota ke motsi, faifai ya kusa ƙarewa. Idan ana jin ƙara da zarar an taka feda, boris ne. Idan mota tana karkarwa wajen tashi, ko mai ya taɓa faifai, ko fulawil ya yi tabo, ko robar inji ta yanke.

Ga gwaji mai sauƙi. A fili inda ba mutane a gaba, ka ja hambirki sosai, ka sa giya ta uku, ka ɗan ba da wuta, ka saki feda a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin nan da nan. Idan injin ya ci gaba da aiki bayan ka saki, a shirya kuɗin gyara. Kada a maimaita gwajin, domin shi ma yana ci.

Idan za a canza, a canza faifai da madanni da boris tare, tun da wahalar sauke giyabos ɗaya ce. A duba fuskar fulawil, idan ta yi kwari ko tabo a kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe su gyara. A canza sil mai yoyo. A sa giris kaɗan ƙwarai a haƙoran sanda, kada ya fallatsa. A daidaita faifai a tsakiya kafin a ɗaure, kuma kada a bar nauyin giyabos ya rataya a jikinsa wajen mayarwa. Wanda ya sayi tsohon faifai na gwanjo don araha, ya tuna cewa milimita 2 ne duka jarin, bai kuma san nawa mai shi na farko ya ci ba. Araha ba ta ado.

Wannan magana ta wuce ta kuɗi kawai. Motar da ke kai amfanin gonarmu kasuwa ita ce ke kai mai naƙuda asibiti a Gusau da tsakar dare. Kuma tun daga shekarun 2010 da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Zamfara, kowa ya san abin da ake nufi da a ce mota ta tsaya a daji rana tana faɗuwa. Kulocin da aka bari ya ƙare ba ya zaɓen wurin mutuwa.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda ke da uba ko yaya ko kawu direba, su kai musu wannan saƙo cikin ladabi. A tashi da giya ta ɗaya da wuta kaɗan. A ɗauke ƙafa daga feda da zarar giya ta shiga. A ja hambirki a kan hawa. Idan mota ta kafe, a sauke fasinja da kaya, a haƙe gaban taya, a shimfiɗa itace ko kara, a tura, maimakon a yi ta murza kuloci. A rage lodi ko da za a yi sawu biyu, domin sannu ba ta hana zuwa. A kuma ajiye 'yar rula a aljihun mota, a riƙa auna wasan feda. Wanda ya kiyaye waɗannan, kuloci na asali zai yi masa shekaru, ba sai ya nemi na tsere ba. Nan zan dasa aya.